Ina Layi Yake Ƙarewa: Tarihin Ƙidayar Rubutu daga Birnin Zazzau zuwa Kwamfuta

Ɗauki sunayen ƙofofi uku na ganuwar Zariya ka buga su a kwamfuta, kowace a layinta: Ƙofar Doka, Ƙofar Kona, Ƙofar Gayan. In ka ƙirga da ido, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, alamomi 31 ne a layi uku. To, tambayi na'ura girman fayil ɗin. In a Linux aka rubuta shi, za ta ce bayit 37. In a Windows ne, 40. In mai bugawa bai danna madannin sabon layi bayan Gayan ba, 40 ɗin ta koma 38, kuma akwai tsohuwar manhajar ƙidaya da za ta ce layi biyu kaɗai ta gani. Wasu manhajojin ma sukan liƙa bayit 3 da ido ba ya gani a goshin fayil, 40 ɗin ta tashi 43. Duk cikinsu babu wadda ta yi ƙarya.

Masu koyon rubuta manhaja a Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Nuhu Bamalli kan ci karo da wannan tun da wuri, don ƙirga haruffa da layuka yana cikin aikin farko da ake ba ɗan koyo. Da yawa sukan zaci su ne suka kwafsa. Alhali tsohuwar tambaya suka taka: mene ne harafi ɗaya, a ina layi yake ƙarewa, kuma wa ya yanke? Sau biyu an amsa ta a nan gida, da alƙalami sannan da dalma. A karo na uku a Amurka aka amsa ta, babu namu ko ɗaya a zauren.

Mu fara daga cikin ganuwa. Birnin ya daɗe da unguwannin malamai, har yau in an ambaci Kona ko Juma karatu ne ke fara zuwa zuciyar Bazazzagi. Takardar da marubutan ƙarni na 19 suka fi samu daga Italiya take fitowa, ta bi ta Tarabulus ta ratso Sahara, in ka ɗaga ta ga haske ka ga jinjirin wata uku a jikinta. Ba a ɗinke littafi. Fallaye ne a sake, a haɗa su a ɗaure, a zura a gafaka. Ba a sa musu lamba, saboda haka mai kwafa yakan rubuta kalmar farko ta falle na gaba a gindin wanda ya gama, ko da iska ta watsa su a iya jera su. In littafi ya ƙare ya rubuta tammat, don kada wani ya yi zaton akwai saura. Shi kuwa layi, a rubutun zube, ba shi da wata daraja. Inda takarda ta ƙare nan yake ƙarewa. Ka ɗauko Risala ta hannun mutum biyu, wannan ya matse, wancan ya barbaza, ba wanda zai ce ɗaya ta fi ɗaya cika don ta fi yawan layuka.

Abin da ake ƙirgawa daban ne, kuma ana ƙirga shi da tsanani. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimla 480. Ƙarshen aya ana yi masa 'yan da'irori uku, a aya ta biyar a sa kumsa, a ta goma a sa kuri. Gwanayen alarammomi suna da harji, sanin sau nawa wata kalma ko wata gaɓa ta zo. A nan ne kuma malamanmu suka daɗe da sanin abin da ke rikita ɗalibin kwamfuta yau. Lissafin mutanen Madina, wanda ke tafiya da riwayar Warshu da ƙasar Hausa ta tashi a kai, ayoyi 6,214 yake bayarwa. Lissafin Kufa, na bugun Hafsu da ya cika kasuwa, 6,236. Baƙara 285 ce a can, 286 a nan, kuma cikin dalilan akwai cewa mutanen Kufa suna lissafa haruffan da ke buɗe surar a matsayin aya mai zaman kanta. Wannan bambanci na 22 bai taɓa nassi ba. Wurin ajiye alamar ƙarshe ne ya bambanta. Alaramma ba ya ɗaga hankali a kansa, tambaya ɗaya yake yi: da lissafin wa ka ƙirga?

Marubuta waƙa da ajami, al'adar da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya yi fice a cikinta kafin Turawa su tuɓe shi a 1920 su kai shi Lakwaja, suna da tasu dabarar. Da yawansu kan faɗi adadin baitocin waƙa a kusa da ƙarshenta, su kuma ɓoye shekarar da aka yi ta cikin ramzi, wato haruffa masu ɗauke da lamba. Ina ganin wannan yana cikin mafi hikimar abin da suka bar mana. Waƙa za ta bi hannu goma ana kwafa, mawallafi ya san wani zai yi tsallake, sai ya dasa ma'auninta a cikin jikinta. Mai karatu ya ƙirga, in bai cika ba ya san an ci amana a hanya.

Turawa sun kama Zariya a 1902. Likita Mila ya zauna cikin birni daga 1905 yana aikin mishan da fassara, kafin a koma Wusasa a 1929. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Matsalar da ta sha musu kai ita ce sautukan da baƙaƙen Turawa ba su da su. An gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi, an gwada waƙafi a gefensa. Sai a shekarun 1930, bayan Hukumar Fassara ta dawo Zariya ta zama Hukumar Talifi a hannun Rupert East, haruffa masu lanƙwasa suka zauna daram: ɓ, ɗ, ƙ. Wannan hukumar ce ta shirya gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ita ce kuma ta fito da Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, bayan ganuwa kaɗan.

A maɗaba'a layi ya sami iyaka ta ƙarfe. Faɗin shafi ko na ginshiƙin jarida shi ke yanke hukunci, mai haɗa haruffa ya cike abin da ya rage da 'yan guntayen tazara, kalmar da ta ƙi shiga a raba ta biyu. Edita ya koyi ƙirga kalmomi, don labarin da ya fi gurbinsa sai an datse shi. Amma ga abin da nake so mai karatu ya riƙe: a wannan zamani ƙ guda ɗaya ce kamar yadda k take guda ɗaya. Da zarar an zuba dalmarta, ba ta fi kowane harafi tsada ba, ba ta kuma zama baƙuwa a akwatin haruffa ba. Yaran da suka koyi karatu da Magana Jari Ce, da manyan da suka shiga ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, sun tashi suna ganinta a matsayin 'yar gida.

Wani abu kuma yana tafiya a gefe, a ofisoshin En'e da gidan waya da tashar jirgin ƙasa, wanda ya iso Zariya a 1911. Duk wanda ya taɓa ganin akawu yana buga tafireta ya san in ƙararrawa ta kaɗa, sai ya ture wani hannun ƙarfe. Turawar ɗaya ce amma aiki biyu take yi: ta mayar da keken tafireta bakin layi, ta kuma murza takarda sama da taki ɗaya. Da aka zo aika rubutu ta waya zuwa tafiretar da ba kowa a gabanta, dole kowane motsi ya sami lambarsa. Bafaranshe Emile Baudot ya yi tsarin lambobinsa a shekarun 1870, Donald Murray ɗan New Zealand ya gyara shi a 1901, ya ware alama ɗaya ta komawa bakin layi, ɗaya ta sauka layi na gaba. Su ne ake taƙaitawa CR da LF. Jerinsu ma yana da dalili. Na'urar Teletype samfuri na 33, wadda ta fito a 1963, harafi 10 take bugawa a sakan, kuma kanta ba ya iya dawowa daga ƙarshen takarda cikin lokacin harafi ɗaya. Sai a fara aika CR, a bi shi da LF, kafin harafi na gaba ya iso kan ya samu ya isa.

A wannan shekara ta 1963 Amurkawa suka fitar da ASCII, jadawalin da ya ba kowace alama lamba. Gurbi 128 ne kacal. Babban A ya sami 65, tazara 32, LF 10, CR 13. Kalmar bayit kuwa Werner Buchholz na kamfanin IBM ne ya ƙirƙire ta a 1956, kuma kwamfutocin System/360 na 1964 suka tabbatar da ita a kan bit takwas, wato ma'ajin da ke ɗaukar lamba ɗaya daga 0 zuwa 255. Tunda kowane harafin Ingilishi yana shiga bayit ɗaya har da rara, sai masu sana'ar suka saba da cewa harafi da bayit abu ɗaya ne. Ga harshensu gaskiya ne. Jami'ar Ahmadu Bello tana da shekara ɗaya da buɗewa a Samaru lokacin, Kamfanin Gaskiya yana ta buga ƙ da ɗ kullum, amma jadawalin bai san da su ba.

Manyan kwamfutocin wancan zamani, na zamanin da jami'o'inmu suka fara kafa cibiyoyi irin wadda ke ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar a Samaru, da kati mai huji ake ciyar da su. Katin IBM gurbi 80 gare shi tun 1928, kati ɗaya layi ɗaya, babu buƙatar alamar ƙarshe. Da aka bar kati, rubutu ya zama jerin bayit mai gudana ba yankewa, sai kowane gida ya kama gabansa. Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs a 1969, ya bi sawun Multics ya ɗauki LF kaɗai. CP/M na Gary Kildall ya riƙe CR da LF tare, MS-DOS ya gada a 1981, Windows ya gada daga gare shi. Macintosh ya ɗauki CR kaɗai har zuwa 2001. A ganina hanyar Unix ce mafi tsafta, don babu keken ƙarfe da ake jira ya dawo a cikin fayil. Amma gado ba ya jin hujja. Sai a 2018 Notepad na Windows ya iya nuna fayil mai LF kaɗai ba tare da ya cusa shi duka a layi ɗaya ba.

A 1978 Brian Kernighan da Ritchie suka wallafa littafinsu na harshen C, kuma tun a babin farko suka koyar da 'yan manhajoji masu ƙirga haruffa da layuka da kalmomi. Daga nan darasin ya bazu duniya. Yadda yake aiki ba wuya: karanta bayit ɗaya, ƙara ɗaya a lissafi, in lambarsa 10 ce ƙara ɗaya a lissafin layuka, ci gaba har fayil ya ƙare. Duba da kyau ka ga ba layuka ake ƙirgawa ba, alamomin ƙarshen layi ake ƙirgawa. Haka manhajar wc take yi tun Unix na 1971, shi ya sa Ƙofar Gayan ke ɓacewa daga lissafi in ba a rufe ta da alama ba. A ƙa'idar POSIX, layin da ba shi da alamar ƙarshe bai cika layi ba.

Akwai kuma tarko na biyu. Don manhaja ɗaya ta yi aiki ko'ina, harshen C ya raba buɗe fayil gida biyu: a matsayin rubutu, ko a matsayin ɗanyen bayit. In ka buɗe shi a matsayin rubutu a Windows, duk inda 13 da 10 suka zo tare sai a miƙo maka 10 kaɗai. Fayil ɗinmu mai bayit 40 sai manhajarka ta ƙirga 37, gibin ya yi daidai da yawan layuka. Wanda ya auna girman fayil ya tanadi wuri 40, ya karanta 37, ya ɗauka duka ya cika, zai ga tarkace uku a wutsiyar rubutunsa. A wannan yanayi ma lamba 26 tana iya tsayar da karatu cak, don CP/M ba ya sanin girman fayil sai da dunƙulen bayit 128, saboda haka yake dasa 26 a matsayin tasa tammat ɗin.

Da kwamfuta ta shigo ofisoshi da shagunan buga takardu na Arewa, Bahaushe ya nemi mafita da abin da ke hannunsa. Wasu suka koma ƙara lanƙwasa da biro bayan an buga, kamar zamanin tafireta. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera zubin haruffan Hausa, ciki har da mai suna Rabi'at, kuma ya cancanci godiya, don littattafai da kundaye masu yawa sun sami lanƙwasarsu ta wannan hanya. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce aron gurbi: a ɗauki lambar wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana mata fuskar ƙ. Harafin yana nan bayit ɗaya, amma ranar da fayil ya je kwamfutar da ba ta da zubin, aron ya tonu. Shi ya sa har yau ake cin karo da tsofaffin takardu masu }asa da ]aya da ~arawo.

Gyara na gaskiya ya zo da Unicode a 1991, jadawalin da ya ƙudurta ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa. Ƙaramar ƙ ta sami 409, ɓ 595, ɗ 599. Lambobin sun fi ƙarfin bayit ɗaya. A Satumbar 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, ana cewa a kan takardar teburin wani gidan abinci a New Jersey. Tsarin ya bar tsofaffin alamomi 128 a bayit ɗaya, sauran suka ɗauki biyu, uku ko huɗu. Ƙaramar ƙ ta zama 198 da 153 a jere. Daga nan ne bayit uku na Ƙofar Doka da 'yan uwanta suka ƙaru, 31 ta zama 34 tun kafin a sa alamomin layi. Kyawun tsarin shi ne lamba 10 ba ta taɓa faɗowa a tsakiyar wani harafi, saboda haka tsohuwar hanyar ƙirga layi ba ta lalace ba. Ƙirga haruffa ce ta lalace. Mai son adadinsu sai ya tsallake duk bayit da ke tsakanin 128 da 191, don waɗannan cikon harafi ne, ba farkonsa ba. Yau fiye da kashi 95 cikin 100 na shafukan intanet da UTF-8 suke.

An samu wurin zama, amma da haraji. In manhaja ta karanta fayil da tsohon jadawalin Windows, ƙasa ta fito Æ™asa. In an ce suna kada ya wuce bayit kaza, almakashi yana iya faɗawa tsakiyar ɗ ya bar rabin harafi, allo ya nuna alamar tambaya. Wanda ya fi taɓa aljihu shi ne saƙon tes. Tun da wayar salula ta GSM ta zo Nijeriya a 2001, saƙo ɗaya alamomi 160 yake ɗauka, amma jadawalin GSM ba shi da haruffanmu. Ka sa ƙ ɗaya tak, saƙon duka ya koma wani tsari mai ɗaukar 70. Abin da zai tafi a saƙo ɗaya ya koma uku. Ana yawan zargin matasa da sakaci don sun watsar da lanƙwasa, wasu sun maye ƙ da q. Ban yarda laifinsu ne kaɗai ba. Mutum ya shekara goma wayarsa ba ta da harafin, inda take da shi kuma a caje shi ƙari, dole hannunsa ya saba. Sai dai yanzu da madannan waya suke da Hausa, kuma WhatsApp ba ya cajin harafi, uzurin ya ƙare. Malaman da ke koyar da manhaja su ma ya kamata su riƙa ba ɗalibai fayil na Hausa su ƙirga, don da na Ingilishi zalla manhaja mai kuskure tana ba da amsa daidai.

Akwai ƙulli ɗaya da mu muka ɗaura wa kanmu. Nijar tana rubuta ƴaƴa da harafi mai lanƙwasa, mu muna rubuta 'ya'ya da waƙafin sama. Ta Nijar haruffa 4 ce, bayit 6. Tamu alamomi 6 ce, bayit 6 in waƙafin miƙaƙƙe ne. In Microsoft Word ya lanƙwasa shi da kansa, kowane waƙafi ya zama bayit 3, kalmar ta kai 10. Akwai waƙafi na uku da Unicode ya ware don harafi, mai bayit 2, da shi kalmar 8 ce. Ido yana ganin kalma ɗaya, manhajar da ba a koya mata ba tana ganin huɗu, kuma mai neman ɗaya ba zai sami sauran ba.

Ajami ya fi shan wuya. Kusan kowane baƙi bayit 2 ne, kowane wasali ma 2, kuma ajamin Hausa ba ya karantuwa sai da wasulla. Kalmar gari, bayit 4 a boko, ta zama 10. Ɗigon imala da muke rubuta wasalin e da shi ya shiga Unicode a 2005. Fa da ƙaf da nun irin na Warshu sun shiga a 2016, wasu ƙarin baƙaƙen Hausa a 2020, kuma waɗannan na baya bayit 3 kowanne suke ci. Fa kaɗai yanzu tana da hanya uku: ta gabas mai ɗigo a sama wadda zubin haruffa zai sauya wa fuska, wata mai ɗigo a ƙasa, da sabuwar ta 2016.

Wannan ba maganar nesa ba ce ga Zariya. Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda Abdullahi Smith ya jagoranta a shekarun 1960, ya tara rubuce-rubucen hannu masu yawa a Samaru, wasu kuma suna nan a gidajen malamai cikin birni. Ɗaukar hotonsu yana kare su daga gara da gobara, amma hoto ba ya ƙirguwa, ba a kuma neman kalma a cikinsa. Duk wanda zai zauna ya buga su harafi bayan harafi sai ya zaɓi fa ɗaya ya tsaya a kanta, sannan ya yanke inda zai sa lamba 10. In ya bi layin falle, adadin da manhaja za ta bayar ba lallai ya dace da adadin baitocin da mawallafi ya faɗa ba. In ya bi baiti, siffar fallen ta ɓace. Masana sun fara tsara wata ƙa'ida mai suna TEI tun 1987 saboda irin wannan, kuma a cikinta alamar layin waƙa daban take da alamar inda layin takarda ya yanke, ana sa su duka biyu a fayil ɗaya, kowace a ƙirga ta ita kaɗai.